Maganin Da Na Yi Wa Shukar Baba

Ni fa mai sayar da maganin feshi ne a kasuwar Hunkuyi, saboda haka in na ce shuka ta kamu da cuta, to ta kamu.

Shukar Baba wata aba ce mai kama da ƙyarana, ƙayar nan da ake shinge da ita, sai dai ita hawa take yi. Baba ne ya dasa ta jikin katangar Inna, ta bi ta naɗe har sama. Bayan rasuwarsa na leƙa gida da hantsi, Inna ta tafi barka ƙauyen Furana. Na tarar shukar ta yi manyan furanni farare, amma duk sun yi yaushi sun langaɓe. Na murza ɗaya, na shinshina, na girgiza kai irin na masana. Nan take na sare ta kaf da adda, na tara kara na cinna mata wuta, kada ta shafa wa barkonon da ke gefe.

Da Inna ta dawo, ta daɗe tana kallon katangar.

"Da dare take buɗewa, Babangida," in ji ta. "Gari na wayewa ta rufe. Jiya ni kaɗai na shimfiɗa tabarma na kalle ta. Da can mu biyu ne."

Ba ta sake tayar da maganar ba. Taubashina Sale ne ya ƙi bari. Har yau in wani ya ce kansa na ciwo, sai Sale ya dafa shi: "Yi shiru, ga Likita nan, da addarsa yake yawo."

Kowa ya yi dariya, har Inna. Tata ce dai ba ta daɗewa.