Ranar da Goɗiya Ta Kai Ni Sukukutane

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na shiga Sukukutane a matsayin kaya. Zamanin Nasara ne, ban daɗe da fara aiki a asibitin Dogon Dutsi ba, ina ta hura hanci don na iya faransanci. Sai agana ta ɓulla a garin Sukukutane, lokotoro, wato likitanmu, ya ba ni akwatin maganin lamba na rigakafi, ya ce idan ya kwana a hanya zafi zai kashe shi, yaran garin kuwa ba su da wani. Aka ba ni ingarma, aka haɗa ni da jagora, wani tsoho Baba Arzika, mai wata ramammiyar goɗiya da yake kira Kunkuru.

Mun fita da asuba. Tafiyar tsohon ta ishe ni: a kan fako sassarfa, a rairayi taku ɗaiɗai, gaban tudu kuma ya sauka ya ja ta. Ga rana tana hawa, ga magani a bayana.

Na ce, "Baba, rayuka muke ɗauke da su fa!"

Ya ce, "Shi ya sa, ɗana. Sukuwa cin hatsin gobe ce."

Ni kuwa (da hular kwano da takalmin sau-ciki) na sa ƙaimi, na bar masa ƙura. Kai, na ji daɗin kaina! Kafin hantsi ya dubi ludayi ingarma ya yi fari fat da kumfa, ya fara tuntuɓe, daga nan ya tsaya cik yana rawar ƙafa. Na yi roƙo, na yi zagi da harsuna biyu, ko gezau.

Can sai ga Baba Arzika, da sassarfarsa ta ɗazu. Bai yi mini faɗa ba, wanda da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya dafa ƙirjin ingarman ya saurara, ya ce sai ya kwana nan tare da shi. Sannan ya kwance mini ƙaimi, ya zare wa goɗiyarsa linzami, ya ɗaura mata akwatin.

"Hau. Kak ka ce mata komi, ta hi ka sanin hanya."

Wallahi abin da na gani har yau yana ba ni tsoro. Ba mai ja, ba mai kora, amma da ta taka fako sai ta ɗauki sassarfa, numfashinta yana tafiya daidai da kofatonta. Rairayi ya zo, ta koma taku. A gindin wani tudu ta tsaya ta waiwayo ta dube ni, sai da na gane na sauka (ni, ma'aikacin gwamnati!) na hau da ƙafa. Yini guda ba ta yi sukuwa ko sau ɗaya ba, wuyanta kuma ɗan danshi kawai.

Da la'asar sakaliya muka shiga gari. Na gyara hula don karɓar gaisuwa, sai jama'a suka kewaye goɗiya suna shafa ta. Maigari ya dubi bakinta ba linzami, ya dube ni, ya ce da ƙarfi, "Madalla da Kunkuru! Ta kawo kayan duka biyu lahiya."

Aka fashe da dariya, har uwayen da suka kwana kuka. Maganin ya kama, yara suka tsira. Tun daga ranar, in gaggawa ta taso mini, sai in tuna cewa a tafiyar nan ni ne kayan da aka fi iya yi babu shi.