Baƙon Cirozerin

Agali mai shayi ya kunyata ni a tashar Arlit, a gaban direbobi, kuma har yau ban yafe masa ba. Amma tsakani da Allah, ni na jawo wa kaina.

Da doka ta fito cewa duk mai sana'a sai ya yi rajistar sunan da zai riƙa fitowa a saman saƙonsa na talho, wato waya, ni na fara zuwa. Na sa hannu, na dawo ina cika baki cewa garejina, Garejin Alheri, ya shiga takardar hukuma.

Ba a jima ba wani sabon makaniki daga Maradi ya fara kwashe mini kiliyan, masu kawo mini gyara. Na ce bari in nuna masa wayon manya. Na rubuta wa direbobi kaf: "Ni wani direba ne daga Cirozerin, ba ku san ni ba. Wallahi duk ƙasar nan babu makaniki mai tsoron Allah kamar mai Garejin Alheri." Na aika, na harɗe ƙafa ina jiran motoci su yi layi. Rajistar kuwa na manta da ita sarai.

Washegari Agali ya karɓi talhon wani direba ya karanta saƙon da ƙarfi, sannan ya bi benci-benci yana nuna wa kowa sunan mai aikowa: Garejin Alheri, ɓaro-ɓaro.

Tun ranar ake kira na Baƙon Cirozerin. Ko jiya sai da Agali ya ce, "Maigida, ina baƙon naka?"

Na dube shi ido cikin ido na ce, "Lafiyarsa lau. Kuma duk garin nan shi kaɗai ke faɗin gaskiya."