Jirgin Gwangwanin Hajo

"Lafiya lau, sai kewar tsohuwar matata. Kaif halik, ya Sitti?"

"Da sauƙi, tunda marowacin mijina ya tuna hanyar Utaibiyya."

Ƙanena Hatim ke nan da kakarmu Hajo, wadda yake kira Sitti, a gidanta na unguwar Utaibiyya a Makka, wata Juma'a bayan la'asar, ni ina gefe ina haɗa shayi. Na san halin Hatim, ba ya hawo benen nan don zumunci kawai. Tun shigowarsa idonsa na kan kabad, inda wani ɗan jirgin ƙasa na gwangwani ke zaune tsakanin tasoshin jerenta.

"Sitti, kina kwana da dukiya ba ki sani ba. Dubi jawwal ɗina, ga hoton nan a wayar. Irin jirgin nan naki, ƙirar Jamus, an yi gwanjonsa a Turai, ya kai riyal dubu sittin."

"Abin wasan yara? Mutanen nan ba marayu ne a garinsu?"

"Masu tara kayan da ne. Ki ba ni in sayar, in sayi mota in riƙa ɗaukar alhazai. Ke ce a gaba, kyauta."

"In shiga motarka? Kai da ka tuƙa keke ka nufi bangon mai burodi?"

"To ke me za ki yi da jirgi? Haƙori babu, tikiti babu."

"Da haƙorana cif na shiga na gaske, daga Khartum har bakin teku, ubanka ma ba a san da zuwansa ba."

Ta ce in miƙo mata jirgin. Ta ɗora shi a cinya tana shafawa da bakin mayafi, muryarta ta yi ƙasa.

"Kakanka Mailafiya ya yi wa wani Bature aikin lambu, muna neman guzurin tsallakowa. Da Baturen zai koma gida, ya ba yaron wannan."

"Wane yaro?"

Ta ci gaba da shafa jirgin. Hajo mutuniyar da ce, ba ta kama sunan ɗan fari, shi ya sa Hatim bai taɓa jin labarinsa ba. Ni ma a bakin Baba na ji. Na ce masa a hankali, "Awwalu, yayan Baba."

"Shekararsa uku," in ji ta. "Zazzaɓi ya ɗauke shi a Sawakin muna jiran jirgin ruwa. Kabarin ma ba zan gane shi ba yanzu. Wannan ne ya iso Makka a madadinsa." Ta tura wa Hatim jirgin. "Ɗauka. Mai rai ya fi buƙata."

Tausayinta ya kama ni har na kasa zuba shayin. Hatim ya juya jirgin, ya daɗe yana dubawa.

"Halas, shi ke nan, kin cuce ni, Sitti. Kin shafe fentin da mayafinki. Wannan ko riyal biyar ba za a taya ba."

Na ga hoton da ke jawwal ɗin. Nata ya fi wancan ƙyalli.

"Maƙaryaci," ta ce, tana dariya tana share ido. "Halin kakanka sak."

Ta kwance ɗan makulli daga igiyar carbinta ta miƙa masa.

"Murɗa masa, mijin banza. Shekara sittin ban yarda na ji ƙararsa ba."

Hatim ya durƙusa ya murɗa. Jirgin ya ɗan yi gardama, sannan ya bi kan darduma yana ƙara, Hajo tana binsa da ido har ya kai ƙarshen ɗaki ya tsaya.

"Ka gani," in ji ta, "shi ma bango ya nufa. Tuƙinka ne."