Kwaɗo Uku a Ƙofar Irinmu

Shekaranjiya na tafi Agiye a bayan a-kori-kura, tsakanin buhun gawayi da wani bunsuru marar kunya, don an aiko cewa Mai Girma Shugaban Kwamitin Haɗa Kan Kwamitoci yana son jin bakina game da wani ƙyaure. Tun hantsi nake zaune a bakin buro, wato ofishinsa, har aka kira la'asar. Sai mai gadi ya leƙo ya ce Mai Girma ya tafi Maraɗi taro kan yadda za a daina sa talakawa jira. Na yi godiya, na gyara ɗaurin zanena, na komo gida. Tunda shi bai ji ba, bari ku ku ji.

Bayan kakar bara an yi faɗa a ƙauyenmu, can gefen Gazawa, tsakanin manoma da makiyaya, kan shanun da suka shiga gona kafin a kwashe dammuna. Yini guda aka yi. Rumbuna suka ƙone, rugage suka ƙone. Mijina Hamisu, kafinta, ya fita rabo, sai ɗauko min shi aka yi. Ba zan tsaya a nan ba, in na tsaya ba zan iya ci gaba ba. Abin da nake son ku riƙe shi ne, wutar ta cinye rumbunmu har da irin geron da za mu shuka. Ni ga 'ya'ya huɗu, ga gona, babu ƙwaya ɗaya ta sawa a rami.

'Ya'yan garinmu da ke ƙasashen waje, Allah ya yi musu albarka, ba su manta da mu ba. Ƙungiyar 'yan Abijan ta aiko barguna. Da 'yan Legas suka ji, suka ce ba za a fi su ba, suka aiko barguna masu kauri ninki biyu. Duk wannan a tsakiyar bazara, lokacin da kaza ma take tafiya baki buɗe. 'Yan Kano ne, da yake suna kusa da hankalinsu, suka aiko irin gero da dusar shanu. Aka tara komai a tsohuwar magaza, ɗakin ajiyar gari.

To, kun san an kawo mana demokaraɗiyya, yanzu ba a yarda mutum ɗaya ya riƙe makulli. Mai Girma ya zo da kansa, ya yi jawabi, ya sa aka maƙala kwaɗo uku a ƙofar magaza. Makulli ɗaya aka ba maƙwabcina Na'Allah, wakilin 'yan gari. Ɗaya aka ba wani mushe, wato ma'aikacin gwamnati, mai tabarau daga buro. Na ukun aka ba Alhaji Shu'aibu, wakilin mazauna waje. Ba za a buɗe ba sai su ukun sun tsaya kafaɗa da kafaɗa. Muka yi tafi. Wallahi har ni na yi, don tsarin ya yi kyau a kunne.

Bayan sati ɗaya Alhaji Shu'aibu ya koma Abijan da makullinsa a aljihu.

Na sami Na'Allah yana wasa sungumi. Na ce, "Maƙwabci, hadari ya fara taruwa a gabas. Yaushe za a ba mu iri?"

Ya ce, "Kadi, ni nawa makullin yana nan a wuyana, ko wanka ba na cire shi."

Na ce, "To ka shuka shi mu gani."

Ya ce, "Ke dai bakinki bai yi takaba ba."

Aka aika wa Alhaji saƙo. Bayan kwana goma sha biyu direba ya kawo kaset, aka taru a gindin gawo aka kunna. Alhaji ya gaida mai gari, ya gaida liman, ya gaida kowane gida da sunan mai shi, har da waɗanda suka rasu tun kafin ya tafi. Ya faɗa mana tsadar doya a Abijan. Yana cewa, "Batun makulli kuwa," sai kaset ya ƙare. Muka juya ɗaya gefen, muka tarar da kiɗan biki.

Shi kuma mushe, duk lokacin da aka je sai a ce motar buro ba isansi, wato ba mai. Amma motar nan tana da isansi duk ranar da za a yi taron tsara bikin sulhu. Sau biyar suka zauna, ba su gama shawara kan wanda zai fara miƙa hannu ba, ardo ko mai gari.

Sai ruwa ya sauka, wata Laraba da rana, ruwa na gaske. Ku na birni ba ku sani ba: danshin ruwan farko kwana biyu yake jira, na uku ya tafi. Wanda bai shuka ba ya shiga shekara da ƙafar hagu, ya yi ta bin bayan damina.

Washegari da safe na je ƙofar magaza, ban ma san abin da na je yi ba. Na tarar da Habsatu a tsaye, matar rugar yamma. Nata mijin ma a ranar faɗan nan ya tafi. Tun lokacin ba mu gaisa ba, ita da take kawo min nono shekara tara.

Ta ce, "Kadi, saniyata biyu sun kwanta, ba sa tashi. Ina jin ƙanshin dusar daga nan."

Na ce, "Ni ma irina nake saurare."

Muka tsaya muna kallon kwaɗo uku. Sai idona ya sauka a ɗaya gefen ƙyauren. Aikin Hamisu ne, na san hannunsa. Kullum ta waje yake buga ƙusa, ina yi masa tsiya, yana cewa garin nan ba ɓarawo. Na koma gida na buɗe akwatin kayan aikinsa, karo na farko tun rasuwarsa. Na ɗan daɗe a tsugune. Sannan na ɗauko guduma.

Ƙusa shida ne. Ni na zare, Habsatu ta tallafe ƙyaure. Na'Allah ya zo yana salati, makulli na lilo a wuyansa.

Na ce, "Maƙwabci, duba da kyau, an taɓa kwaɗonka?"

Ya duba, ya ce, "Lafiyarsa ƙalau." Sai ya juya ya ɗauki tiya ya fara awo.

Liman ya tsaya shaida. Kowane gida ya sami iri, kowace ruga ta sami dusa, ba kwamiti, ba jawabi. Kafin azahar mun mayar da ƙyaure yadda yake. Da yamma 'yan'uwan Habsatu biyu suka shigo gonata suna binne rami a bayana. Ba wanda ya tambayi wa ya fara miƙa hannu.

Bayan sati uku makullin Abijan ya iso, ya biyo ta Kano. Mota ta sami isansi. Aka kafa rumfa, aka zo da mai hoto, makullai uku suka juya a lokaci ɗaya. Mai Girma ya leƙa ciki ya ga barguna. Ya juyo ya ga gero kore shar har bakin hanya. Shi da yake mai basira ne, nan take ya yi jawabi cewa wannan shi ne amfanin haɗa kai.

Yau da safe Na'Allah ya shigo da sallama, ya ce kwamiti ya yanke shawarar ƙara kwaɗo na huɗu don tsaron barguna, kuma tunda zamani ya ce a sa mata a gaba, ni aka ba makullin. Na karɓa da hannu biyu. Tsakani da Allah, har na manta inda na ajiye shi. Gudumar dai na san inda take.