Ranar da Na Sauya wa Tayoyin Baba Wuri

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na nemi nuna wa mahaifina amfanin digirina na injiniya. Washegari, bayan sujada, zan je Madakiya in gaida iyayen Rifkatu, wadda nake nema da aure, kuma ina son zuwa da motar Baba. Shi kuwa, tsohon hedimasta, bai taɓa ba ni makullinta ba.

Na yi masa bayani cewa tayoyin gaba sun fi na baya cinyewa, don haka ya kamata a sauya musu wuri. Ya ce, "To, Injiniya. In ka yi shi daidai, makulli naka ne gobe."

Na aro sifana mai awo, wadda ke yin ƙas idan noti ya kai ƙarfin da aka ƙayyade. Na ɗauki ragowar allin Baba na rubuta wa kowace taya inda ta fito. Uku suka fita lafiya, na tokare gurabensu da bulo. A ta huɗun, noti guda ya ƙi motsi.

Na zuba masa baƙin mai, na jira minti goma (na duba agogo, ba kintace ba ne). Na ja har tafin hannuna ya yi ja. Masu faci kan hau sifana da ƙafa, amma littafin motar bai ambaci hakan ba, ni kuma ba na yin abin da ba a rubuta ba.

Ina cikin wannan hali Mama ta dawo daga gonar citta. Ta dube ni, ta zaro bututun ƙarfen da take tokare igiyar shanya da shi, ta zura a hannun sifana, ta danna sau ɗaya. Noti ya saki.

"Shekara biyar a jami'a," in ji ta, "ba su koya maka faif ba?"

Kafin in kammala bayanin cewa wannan ma kimiyya ce, ruwan sama ya sauko, irin na Kafanchan mai zuwa ba sallama. Da ya ɗauke, babu ɗigon alli ko ɗaya a jikin tayoyin. Ban gaya wa kowa ba. Na dogara da ƙwaƙwalwata, na saka kowacce a inda nake zaton sabon wurinta ne, na ɗaure notocin ɗaya yana fuskantar ɗaya, kowanne sai da ya yi ƙas. Har sau biyu na bi su.

Baba ya fito ya zagaya motar, hannuwa a baya, kamar mai duba aji.

"Wannan mai tabon fenti, a baya ta hagu take tun da na saye ta. Wannan kuma da kwalbati ya kankare, tata ce gaba ta dama." Ya gyara tabarau. "Injiniya, kowacce ta koma ɗakinta."

Mama ta yi dariya har sai da ta zauna a kan bulo.

Da safe na tarar da makulli a gefen kofin shayina. Baba ya ce, "Wurin dai ka faɗi, amma ɗaurin noti ka ci. Mutumin da ya bi noti ashirin sau biyu ba zai jefa min mota a rami ba."

Tun daga ranar, idan zan yi alama da alli, sai na fara ɗaga kai na dubi sama. Bututun Mama kuwa yana cikin but ɗin motar, kusa da littafinta.