Ranar da Kwamfutata Ta Auna Muryar Farfesa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya kare aikin bincikena na shekarar ƙarshe a jami'a, nan Jalingo, ba. Da zan iya mantawa ma, 'yan ajinmu ba za su bari ba.

Kimiyyar lissafi da sauti na karanta, kuma aikina a kan launin sauti ne. Ka san idan mai goge da mai sarewa suka bi waƙa ɗaya, ko idonka a rufe za ka bambance su. To wannan bambancin nake son mayarwa lamba. Na haɗa manhajar da ke sauraron sauti, ta auna kaifinsa da kaurinsa, ta fitar da lamba, sannan ta faɗi abin da ya fi kama da shi cikin sautukan da na adana mata. (A lokacin har tafiyata ta canja. Ji nake duk Taraba babu mai kai irin nawa.)

Matsalar ita ce makaɗa huɗu kawai na samu a unguwar Mayo Gwoi, kuma Dakta Bulus, malamin da ke duba aikina, ya ce huɗu ba bincike ba ne, in ƙaro. Sai na bi kawuna, dillalin dabbobi, zuwa kasuwar Iware. Na wuni ina cusa wa shanu da awaki makirfo a baki, masu dabbobin suna tambayar Kawu da Fulatanci ko lafiyata ƙalau. A hanyar dawowa na haɗa da injin markaɗen unguwarmu. Kowane sauti na raɗa masa suna yadda zan gane shi, ban taɓa kawowa wani zai gani ba.

Ranar karewa aka kawo wani tsohon farfesa daga wata jami'a, wanda aka ce a bara ya mayar da mutum uku su maimaita shekara. Muryarsa siririya ce, tana ɗan rawa. An haska allon kwamfutata a bango, ɗakin cike da malamai da ɗalibai. Na kunna goge, ta ce goge. Na kunna kalangu, ta ce kalangu. Kaina ya ƙara girma.

Sai farfesan ya tambaya ko tana auna muryar mutum. Amsar gaskiya ita ce ban taɓa gwadawa ba. Abin da bakina ya faɗa kuwa shi ne, “Ƙwarai, ranka ya daɗe, ai nan ta fi ƙwarewa.”

Ya karɓi makirfo, ya gyara hula, ya faɗi cikakken sunansa da muƙaminsa. Manhajar ta ɗan yi tunani, sannan ta rubuta a bango da manyan haruffa: BUNSURUN KAWU MAI TARI.

Na kai hannu da sauri in rufe, sai yatsana ya faɗa kan maɓallin kunnawa. Bunsurun ya ɓarke da kuka ta lasifika, har da tarin a ƙarshe. Abin da ya fi kashe ni, wallahi sun yi kama.

Mai hankali haƙuri zai bayar ya yi shiru. Ni sai na shiga bayani. Na ce ba wai na'urar tana nufin shi bunsuru ba ne, lambarsa ce kawai ta faɗo kusa da ta bunsurun, kuma tsakaninsu da ɗan tazara. Ya tambaye ni nawa ce tazarar. Na duba, na ce ba ta da yawa.

Ya ce a sake. Wannan karon ya kumbura ƙirji ya yi magana da murya mai kauri. Bango ya amsa: BUNSURU NA BIYU.

Dakta Bulus ya taso don ya cece ni, ya ƙwace makirfon yana cewa, “Farfesa, wannan na'ura bai da hankali, bari ka gani.” Bai rufe baki ba aka rubuta: INJIN MARKAƊE.

A nan ne farfesan ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa suna girgiza. Na ɗauka hawan jininsa ne ya tashi, ashe dariya yake. Da ya ɗago yana share hawaye, ya ce shekara talatin matarsa tana faɗa masa wannan maganar, yau kimiyya ta goya mata baya. Ya sa duk malaman suka bi layi aka auna su. Shugaban sashenmu saniya ya samu, kuma har na bar makarantar bai sake amsa gaisuwata ba.

Na ci, da sharaɗin in cire dabbobin kafin a ɗaure kundin.

Abin da na koya shi ne, duk tambayar da za ka yi wa na'ura a gaban manya, ka fara yi mata ita a ɗaki, ƙofa a rufe. Na bi wannan shawarar bayan sallar la'asar a ranar, na auna tawa muryar. Abin da ta ce kuwa, ko matata ba ta sani ba.