Tiren Inna da Farar Shaddar Hajiya

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na fara ɗaukar hoto a waje, ko da yake gara in faɗa tun yanzu: an kwana biyu, kuma ranar da azumi a bakina, don haka wataƙila wasu abubuwan sun cakuɗe mini. Abin da na tabbatar shi ne akwai tire, akwai farar shadda, akwai kuma Inna a kan babur ɗin kabu-kabu.

Lokacin ban daɗe da gama jami'a ba. Ga diplom, babu aiki, sai wata kamara ta hannu da na saya wajen wani abokina da ya gaji da ita. Ni kuwa ba na taɓa abu sai na yi karatunsa tukuna. Na kalli bidiyon koyon hoto har idona ya yi ja. Na koyi cewa rana tsaka ba ta da mutunci, tana zuba wa mutum inuwa a ƙarƙashin ido da hanci. Na koyi cewa hasken da ya fi taushi shi ne na gab da faɗuwar rana, kuma ana sa ranar a bayan wanda za a ɗauka, sannan a riƙe wani abu a gabansa ya mayar masa da haske a fuska. Duk wannan gaskiya ne. A riƙe mini shi, zan dawo kansa.

Yayata Falmata tela ce a unguwar Zango, nan Damagaram. Tana son hotunan ɗinkinta na Sallah ta tura wa mata a waya, amma kullum kayan a rataye jikin ƙusa take ɗaukar su, kamar an kama su da laifi. Na ce a sa wa mutum, a fita waje. Hadiza, ƴar kawunmu, ta yarda za ta sa, in dai da mayafinta. Saura wace riga. Sai na nuna wata farar shadda mai aikin zare ruwan zinariya a wuya.

“Kai, Auta, rufa mini asiri,” in ji Yaya. “Ta Hajiya Zara ce, jibi za a zo karɓa. Ita ke kawo mini ɗinkin gidanta duka, da na ƴaƴanta. In ko ƙuda ya sauka a kan rigar nan, na rasa su.”

“Yaya, sawa kawai za a yi a cire. Haske ba ya ɓata tufa.”

(Da bakina na faɗa. Akwai shaidu.)

A yi mini adalci, na yi shiri. Na cika batir, na cika na ajiya. Na goge gilashin kamara har ina tsoron ya siranta. Na ari ƙarfen nan mai ƙafa uku da ake ɗora ta a kai. Na je duwatsun bayan Birni tun jajibirin ranar, na tsaya na ga ta inda rana ke faɗuwa. Abu ɗaya na rasa: faifan mayar da haske. Na zaga shaguna ban samu ba, ko kuma ni ne ban iya tambaya ba. Ina dawowa gida idona ya faɗa kan tiren Inna, babban nan na silba da ta zo da shi daga Makka, wanda kullum a kansa ake fitar wa Baba da baƙinsa dabino da kunu da ƙosai a zaure. Na ce a raina ai wannan ya fi na bidiyo ƙyalli. Na ɗauka ban tambaya ba, da niyyar in mayar kafin a neme shi.

Abin da duk karatuna bai haɗa mini ba shi ne, lokacin hasken nan mai taushi shi ne daidai lokacin da duk Damagaram ke haɗa kayan shan ruwa.

Muka isa duwatsu. Hadiza ta sha kwalli, ta hau wani dutse mai faɗi, rana a bayanta, gefen mayafinta yana walƙiya. Can gefe wasu dattawa sun shimfiɗa tabarma a ƙofar masallaci suna jiran kiran salla, ba su da abin kallo sai mu. Na miƙa wa Yaya tire.

“Ɗaga kaɗan. Karkata. Ƙara... yauwa!”

Haske ya faɗa fuskar Hadiza, zaren wuyan rigar ya kama kamar an kunna shi. Wallahi a cikin kamara ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba.

“Yaya, idona!” in ji Hadiza.

“Daure kaɗan,” na ce. “Kar ki ƙifta.”

“Yaji yake yi fa!”

“Saura ɗaya.”

Ina jin na ce “saura ɗaya” fiye da yadda ya kamata. Ranar Damagaram ta lokacin zafi ko tana shirin faɗuwa ba ta rasa haƙora, ni kuma na tara ta a tire na watsa wa yarinya mai azumi a ido. Na ga hawaye ya taru, na ce a raina ido ya yi sheƙi, na danna. Na ga ya gangaro baƙi, ɗauke da kwalli, na ƙara dannawa. Yaya ba ta gani ba, tana bayan tire ta runtse ido. Sai da Hadiza ta sunkuyar da kai, ɗigo ya sauka a ƙirjin farar shadda, wani ya bi shi, ta sa hannu da sauri ta goge. Ta shafe shi sosai.

“Kai yaro!” wani dattijo ya ɗaga murya daga tabarma. “Me ta yi maka?”

Na kusa da shi ya ce, “Kuka dai ba ya karya azumi, amma a ji tsoron Allah.”

Ana cikin haka kabu-kabu ya tsaya a bayanmu. Inna ce ta sauko, matar da a iya sanina ba ta taɓa hawa babur ba. (Ashe duk unguwa an ga fitata. Tire irin wannan ba ya ɓoyuwa a hammata.) Ba ta yi sauri ba. Ta zo ta zare tiren daga hannun Yaya.

“Ke Falmata, da girmanki? Kai kuma, mushe mai diplom, baƙin Malam sun cika zaure. A hularka zan kai musu kunun?” Ta juya ta ga Hadiza, fuska duk zanen baƙi. “Innalillahi. Wa ya mutu?”

Dattawan nan suka yi dariya har ɗayansu ya kama tari. Inna ta hau babur ta rungume tirenta, aka kira salla, mu kuma muka sha ruwa a hanya da dabinon da dattawan suka miƙo mana don tausayi.

Yaya ta gwada sabulu, tabon ya koma toka-toka, ya ƙara faɗi. Washegari ta ninke rigar ta tasa ni gaba har gidan Hajiya Zara. “Kai ka karanta, kai za ka yi bayani.” Na durƙusa na fara da yadda rana ke faɗuwa. Hajiya ta ɗaga hannu.

“Ɗan nan, bar ranar Allah. Nuna mini hoton.”

Ta daɗe tana kallo. “Rigar ta yi kyau,” ta ce. “Yarinyar ce kamar an ce mata an ɗage Sallah.” Ta yarda Yaya ta faɗaɗa aikin wuyan ya rufe tabon, bisa sharaɗin kada in sake kusantar ko ɗankwalinta. Yaya ta yi aikin da hannu har yatsunta suka kumbura. Hajiya ba ta bar ta ba, amma ɗinkin ƴaƴanta na Babbar Sallah wani wuri ya tafi, kuma Yaya ba ta bari in manta.

Yanzu farin kwali nake riƙewa ko farin ƙyalle, haskensu ba ya cizo. Kowane abu sai na haska shi a idona tukuna. Ina tambayar irin kwallin da aka sa. Ba na ɗaukar hoto da kayan mutane, ba na fita da magariba a watan azumi, kuma in an ce mini “idona”, ajiye kamara nake yi.

Amma masu kirana Mai Tire a Zango su ci gaba, ina amsawa, kuma ban ajiye sana'ar ba. Hadiza ta ce ita ba kuka ta yi ba, Inna ta ce a ƙafa ta zo. Mai yiwuwa ne. Duk wanda yake wurin, har da dattawan tabarma, in ya ga na kauce ya aiko mini da gyara, zan karɓa da godiya. Abu ɗaya ne ba na karɓar gyara a kansa: hasken nan ya yi. Hoton yana nan, a zo a gani.